Me ya sa ƙirƙirarriyar basira ba ta ganin abin da ke shafinmu na intanet?

Tun daga ƙarshen shekarar 2022 da ChatGPT ya fito, da kuma watan Afrilun 2024 da Meta AI ya shigo WhatsApp ɗin 'yan Nijeriya, wata ɗabi'a ta fara yaɗuwa har a garuruwanmu na karkara: maimakon mutum ya bi shafukan intanet ɗaya bayan ɗaya yana neman bayani, sai ya jefa wa manhaja tambaya, ya karɓi amsa a dunƙule. Daga nan ne wani ƙorafi ya taso a bakin masu shafuka, musamman ƙananan makarantu, ƙungiyoyin manoma da matasan da ke rubuta labaran yankunansu. Sun biya kuɗi an gina musu shafi, suna buɗe shi a wayarsu suna ganin komai ras, amma idan aka tambayi manhajar ƙirƙirarriyar basira abin da ke cikinsa, ko dai ta ce ba ta samu komai ba, ko ta kawo wani zance da ba nasu ba. Wasu na cewa raina Hausa ne, wasu na cewa sai an biya kamfanonin kafin su kula mutum. Ƙarancin rubutun Hausa a intanet gaskiya ne, kuma yana da nasa tasirin, amma sau da yawa matsalar tana cikin yadda aka gina shafin ne, kuma abin da ke tsakiyarta shi ne JavaScript.

Abin da ke faruwa tsakanin waya da saba

Kowane shafin intanet yana ajiye ne a wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda ake kira saba. Idan mutum ya rubuta adireshin shafi a burauzar wayarsa, Chrome ce ko Opera Mini, burauzar za ta aika wa sabar buƙata, ita kuma ta maido mata da takarda ta farko da aka rubuta da HTML. Wannan tsarin rubutu ne da Tim Berners-Lee ya fito da shi a cibiyar bincike ta CERN da ke Suwizalan a farkon shekarun 1990, kuma aikinsa shi ne ya nuna cewa wannan kanu ne, wannan sakin layi ne, wannan hoto ne, wancan kuma mahaɗi ne zuwa wani shafin. A tsarin asali, duk kalmar da mai karatu zai gani tana cikin wannan takarda tun lokacin da ta baro saba.

A 1995 Brendan Eich ya ƙirƙiro JavaScript a kamfanin Netscape. Shi ba rubutun karantawa ba ne, umarni ne da burauza ke aiwatarwa a cikin na'urar mai karatu. An daɗe aikinsa bai wuce ƙananan abubuwa ba, kamar duba ko an cika fom daidai, ko sauya hoto idan an danna maɓalli. Sannu a hankali aka riƙa ɗora masa kaya, har aka kai ga kayan gini irin su React, wanda Facebook ya saki a 2013, da Angular da Vue, waɗanda ke ba magini damar barin takardar HTML kusan wayam, ya bar wa JavaScript aikin ɗauko rubutun da jera shi bayan shafin ya iso waya.

Bambancin kamar na gidaje biyu ne da aka aiki yaro ya karɓo abinci. Gida na farko ya ba shi tuwo da miya a kwano, an gama komai. Gida na biyu ya ba shi garin dawa da kuka da daddawa, tare da bayanin yadda za a tuƙa. Wanda ke da murhu da itace da lokaci zai ci daga kowanne. Wanda ba shi da su, kwanon farko kaɗai zai amfane shi. Burauzar wayar mutum tana da murhu. Yawancin manhajojin da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira ke aikowa ba sa hura wuta.

A ɗauka wata ƙungiyar masu noman riɗi da zoɓo a yankin Maigatari ta sa an gina mata shafi irin na biyun, inda take sanya farashin buhu duk ranar Alhamis bayan kasuwa ta tashi. Sakataren ƙungiyar zai buɗe shafin, wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa na 'yan daƙiƙoƙi, sannan jadawalin farashi ya fito da kyau, har da hoton buhuna a jere. Amma idan aka leƙa takardar da sabar ta aiko tun farko, abin da ke cikinta bai wuce 'yan layuka ba: sunan shafin, wani akwati fanko da galibi ake sa wa suna root, layin da ke kiran fayil ɗin JavaScript, da wata jimla ta Turanci da ke cewa sai an kunna JavaScript kafin shafin ya yi aiki. Babu riɗi, babu zoɓo, babu Maigatari, babu ko naira ɗaya. Wannan fankon shi manhajar ke kwasa ta tafi da shi, kuma a wurinta abin da ke shafin ke nan.

Su wa ke zuwa karanta shafin

Ba mutum ne ke zama yana karanta wa ChatGPT ko Claude shafuka ba. Kamfanonin suna da manhajojin sintiri da ke bin adireshi bayan adireshi suna kwafar abin da suka tarar, kuma ba duka ba ne aikinsu ɗaya. Akwai masu tara rubutun da za a horar da ƙirƙirarriyar basirar da shi, irin su GPTBot na OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, da aka sanar da shi a watan Agustan 2023, da ClaudeBot na Anthropic, da CCBot na Common Crawl, wata ƙungiya da ba ta neman riba, wadda ta soma tara shafuka tun 2008 tana bayarwa kyauta, kuma daga rumbunta ne aka ɗebi rubutun horar da manhajoji da dama. Akwai masu tara shafuka domin a riƙa nemo su a lokacin ba da amsa, irin su OAI-SearchBot na OpenAI da PerplexityBot na kamfanin Perplexity. Akwai kuma waɗanda ba sa fita sai wani ya yi tambayar da ke buƙatar a buɗe wani shafi nan take, kamar ChatGPT-User.

A watan Disambar 2024 kamfanin Vercel, wanda ke ajiye shafuka masu yawa a sabobinsa, ya fitar da wani bincike tare da kamfanin MERJ kan halin waɗannan manhajoji. Ya nuna cewa a wata guda GPTBot ya aika buƙatu miliyan 569 ga shafukan da ke kan Vercel, na Anthropic kuma miliyan 370, yayin da Googlebot, manhajar sintiri ta Google, ya aika biliyan 4.5. Abin da ya fi jan hankali a binciken shi ne, manhajojin sintiri na OpenAI da Anthropic da Meta da Perplexity ba sa aiwatar da JavaScript. Wasunsu kan sauke fayilolin, amma ba sa sa su aiki, don haka duk rubutun da sai JavaScript ya tashi zai bayyana ba ya shiga hannunsu.

Me ya sa Google ke gani, su ba sa gani

A nan ne masu shafuka da yawa ke ruɗewa, domin sun saba auna komai da Google: idan shafi ya fito a can, an ɗauka ya fito ko'ina. Google ya daɗe yana zuba kuɗi a wannan fanni. Tun 2015 ya sanar da cewa manhajarsa tana iya haɗa shafi kamar yadda burauza ke yi, sannan a 2019 ya mayar da Googlebot yana aiki da sabon samfurin injin Chrome a koyaushe. Duk da haka, shi ma mataki biyu yake yi: ya fara kwasar takardar HTML, sannan ya sa shafin a layi har lokacin haɗa shi ya zo. Gemini, ƙirƙirarriyar basirar Google, yana cin gajiyar wannan tsari na gidansu, kuma binciken Vercel ya nuna manhajar sintiri ta Apple ma tana aiwatar da JavaScript.

Dalilin da ya sa sauran ba sa yi bai wuce tsada ba. Kwasar takardar rubutu aiki ne na ƙiftawar ido. Haɗa shafi kuwa yana buƙatar a buɗe cikakkiyar burauza a kwamfutar kamfanin, a sauke duk fayilolin da shafin ya kira, a jira su gama aiki, kuma a maimaita hakan a kan biliyoyin shafuka. Wutar lantarki da injinan da hakan ke ci ba kaɗan ba ne. Tana yiwuwa kamfanonin su sauya nan gaba, kuma tuni akwai sabbin burauzoji masu ɗauke da ƙirƙirarriyar basira waɗanda ke buɗe shafi kamar yadda mutum ke yi. Sai dai wanda ya gina shafinsa bisa fatar wani kamfani a Amurka zai sauya ra'ayi, ya ɗora al'amarinsa ne a kan abin da ba shi da iko a kai.

Gwajin da ba ya buƙatar gwani

Mai shafi zai iya gane matsayinsa cikin minti biyu. A Chrome ta waya, ya shiga saituna, ya nemi saitunan shafuka, ya kashe JavaScript, sannan ya sake buɗe shafinsa. Abin da ya rage a fuskar wayar shi ne kusan abin da manhajojin sintirin ke samu. Idan rubutun yana nan, ko da ado ya ragu, babu damuwa. Idan fari fat ya gani, ko da'irar nan tana ta juyawa ba ta tsayawa, to matsalar ta tabbata. A kwamfuta kuma, danna Ctrl da U tare yana buɗe ainihin takardar da sabar ta aiko, sai a nemi wata kalma da aka san tana shafin, kamar sunan garin ko sunan makarantar. A kula da abu ɗaya: wasu maginan kan buɗe wa mai shafi wurin da ake kira Inspect su nuna masa rubutun yana nan. Wannan ba hujja ba ce, domin abin da ke fitowa a can shi ne shafin bayan JavaScript ya gama aikinsa.

Yadda ake gyarawa

Ba a ce a jefar da JavaScript ba. Abin da ake nema shi ne rubutun da ke da muhimmanci ya kasance cikin takardar farko, sannan JavaScript ya zo daga baya ya ƙara ado da motsi. Hanya ɗaya ita ce a sa sabar ta haɗa shafin da kanta duk lokacin da aka nema, ta aiko shi a gama. Kayan gini irin su Next.js da Nuxt an yi su ne domin wannan, kuma wanda ya iya React ko Vue ba zai sha wuyar komawa kansu ba. Wata hanyar ita ce a haɗa dukkan shafukan tun kafin kowa ya nema, a ajiye su a matsayin takardun HTML. A ganina ita ce ta fi dacewa da makarantar Islamiyya ko ƙungiyar manoma, domin bayaninsu ba ya sauyawa kowace sa'a, kuma ajiyar irin wannan shafi ba ta da tsada. Hanya ta uku ita ce a sa wata manhaja a tsakani tana haɗa wa masu sintiri kwafi na musamman. Tana aiki, amma faci ce, kuma idan abin da ake nuna wa na'ura ya bambanta da wanda mutane ke gani, Google na iya ɗaukar hakan a matsayin yaudara.

Abin ban sha'awa shi ne, shafukan da aka yi da WordPress ko Blogger, waɗanda wasu ke gani kamar tsohon yayi, tun asali a gama suke aiko da rubutunsu. Galibi shafin da aka kashe wa kuɗi sosai, mai zamewa da walƙiya, shi ke faɗawa wannan rami.

Ko a shafin da ya tsallake gwajin farko, akwai ƙananan tarkuna. Maɓallin "ƙara gani" da sai an danna yake ɗauko sauran labarai yana ɓoye su ga manhajar da ba ta danna komai; haka ma shafin da ke ƙaro rubutu sai an ja shi ƙasa. Mahaɗi daga shafi zuwa shafi ya zama mahaɗi na ainihi mai ɗauke da adireshi, kada ya zama maɓallin da JavaScript ke sarrafawa. Kowane labari ya samu adireshinsa da kanunsa. A kuma bayyana a kan takardar cewa harshen Hausa ne, da alamar ha, kuma tsarin haruffan UTF-8 ne, domin idan aka yi sakaci a nan, ɓ da ɗ da ƙ kan rikiɗe su zama tarkacen alamomi, sai "ƙasa" da "ɓera" su fita daga sahun kalmomin da za a iya nemowa.

Wasu maginan sun fara tallata wani fayil mai suna llms.txt, wanda Jeremy Howard ya kawo shawararsa a watan Satumbar 2024, inda ake taƙaita wa manhajojin abin da shafi ya ƙunsa. Sanya shi ba ya cutarwa, amma shawara ce, ba ƙa'idar da manyan kamfanonin suka ɗaure kansu da ita ba, kuma ba ya maye gurbin rubutun da babu shi a shafin. Wanda zai biya kuɗin gini gara ya sa sharaɗi ɗaya a yarjejeniya tun kafin ya ba da kafin alƙalami: shafin ya karantu ko da an kashe JavaScript.

A buɗe ƙofa ko a rufe

Ba kowa ne ya yarda cewa sauƙaƙa wa waɗannan manhajoji alheri ba ne, kuma masu adawa suna da hujja mai ƙarfi. Kamfanonin suna kwasar rubutun mutane ba tare da biyan ko kwabo ba, sannan su ba mai tambaya amsa a wurinsu, ta yadda ba ya buƙatar zuwa shafin da aka ɗauko bayanin. Ga jaridar da ke rayuwa da talla, wannan asara ce kai tsaye. Shi ya sa New York Times ta maka OpenAI da Microsoft a kotu a watan Disambar 2023, kuma a watan Yulin 2025 kamfanin Cloudflare, wanda shafuka masu ɗimbin yawa ke bi ta kansa, ya fara toshe manhajojin sintirin ƙirƙirarriyar basira ga sabbin shafukan da suka yi rajista da shi, sai idan mai shafin ya ce a bar su. Matashin da ke hawa babur daga Ringim zuwa Taura domin ya ɗauko labarin da babu wanda ya ɗauka yana da haƙƙin ya tambayi me zai samu idan wata manhaja ta karanta wa mutane aikinsa.

Ɗaya ɓangaren kuma na cewa wanda ba a karanta shi ba, wani ne zai yi magana a madadinsa. Idan aka tambayi manhaja tarihin Kazaure ko yadda ake noman rani a Kadawa, ba za ta yi shiru ba. Za ta harhaɗa amsa daga ɗan abin da ta samu, galibi na Turanci, wanda baƙi suka rubuta. Ga harshen da rubutunsa a intanet bai kai yawan masu magana da shi ba, kowane shafi da ya ɓace a bayan JavaScript giɓi ne.

Abin da ake yawan cakuɗawa shi ne, iya karanta shafi daban, izinin karanta shi daban. Izini yana da nasa wurin, wato fayil ɗin robots.txt, inda mai shafi ke rubuta manhajojin da ya yarda su shiga da waɗanda ya hana. Tsari ne da Martijn Koster ya fito da shi a 1994, wanda aka mayar cikakkiyar ƙa'ida a 2022. A nan ne rabe-raben da aka yi a sama ke da amfani: mai shafi zai iya hana GPTBot ɗaukar rubutunsa domin horarwa, ya bar OAI-SearchBot ya shiga domin shafin ya riƙa fitowa a amsa tare da adireshinsa. Google ma ya samar da Google-Extended a 2023 domin a hana amfani da rubutu wajen horar da Gemini ba tare da an fita daga binciken Google ba. Gaskiya ne bin wannan fayil na ganin dama ne, kuma an sha zargin wasu manhajojin da tsallake shi. Amma ɓoye rubutu a bayan JavaScript ba kariya ba ce: wanda ya ƙuduri kwasa zai buɗe burauza ya kwasa, wanda ake hanawa a zahiri shi ne mai bin ƙa'ida da kuma mai ƙaramar waya.

Inda lamarin ya taɓa mutumin karkara

Wannan batu na ƙarshe shi ne ya fi damuna. Shafin da manhajar sintiri ta kasa karantawa galibi shi ne shafin da ke wahalar da mutumin ƙauye. Mai ƙaramar Tecno ko itel a wani ƙauye na Gwaram ko Sumaila, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, sai ya sauke tarin fayilolin JavaScript kafin ya ga kalma ɗaya, kuma idan sabis ya yanke a tsakiya, datarsa ta tafi a banza. Opera Mini, wadda mutane da yawa ke riƙe da ita domin tsimin data, tana haɗa shafin ne a sabobinta idan an sa ta a yanayin tsimi mai tsanani, kuma lokacin da take ba JavaScript ƙanƙane ne, shi ya sa irin waɗannan shafuka kan fito mata a karye. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, nauyin shafi ya zama maganar aljihu. Sanarwar ambaliya ga garuruwan bakin kogin Haɗeja ko ranar rabon taki ba abin da ya kamata ya jira da'ira ta gama juyawa ba ne.

Sai dai gyaran JavaScript ba zai toshe babban giɓinmu ba, domin yawancin abin da muke rubutawa ba ya kan shafi ma sam. Yana Facebook, inda sai an shiga da asusu ake ganin mafi yawansa, ko yana WhatsApp, wanda saƙonninsa a kulle suke, ko yana cikin saƙon murya. Sanarwar makaranta kan zo a hoton takarda da aka ɗauka da waya, farashin Dawanau da na kasuwar shanu ta Wudil kan zo a hoton allo, kuma rubutun da ke cikin hoto ba rubutu ba ne a wurin yawancin manhajojin sintiri. Duk wanda zai sanya irin wannan hoto a shafinsa, ya rubuta abin da ke cikinsa a ƙasa da haruffa.

Akwai kuma haɗarin da ke zuwa bayan an yi nasara. Manhajar da ta kwashi shafi yau tana iya maimaita abin da ta kwasa bayan wata shida, alhali farashin riɗi na kaka ba shi ne na bazara ba, kuma manomin da ya dogara da tsohon farashi zai iya sayar da amfaninsa a ƙasa da ƙima. Shafuka da yawa suna barin JavaScript ya rubuta "jiya" ko "kwana uku da suka wuce" a gefen labari, wanda ko dai ba ya bayyana ga manhajar, ko ya bayyana ba tare da ma'ana ba. Ƙungiyar da ke sanya farashi ta rubuta rana da wata da shekara a cikin jimlar da farashin yake, tare da sunan kasuwar da ma'aunin da aka yi ciniki da shi, buhu ne ko tiya, domin duk inda aka ɗauki jimlar aka kai ta, ta tafi da ranarta.